Tarukan Baje Kolin Na'urorin Da Ke Yi Wa Mutum Magana: Inda Ake Yin Su Da Abin Da Mai Waya Zai Koya

Duk wanda ke bibiyar labaran wayoyi ya san CES na Las Vegas da MWC na Barcelona, inda Samsung da sauran kamfanoni ke fito da sababbin kaya. Amma akwai wasu tarukan da ba a cika jin labarinsu ba, alhali abin da ake nunawa a cikinsu ya fi kyamara mai megafiksel 200 muhimmanci ga wanda ke buƙatarsa. Su ne tarukan fasahar da ke taimaka wa masu buƙata ta musamman wajen sadarwa.

Mece ce wannan fasaha?

A Turance ana taƙaita sunan fannin da haruffa uku, AAC, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su don da su ake bincike a Google da YouTube. Ma'anarsa duk wata hanya da ke ƙara wa magana ƙarfi ko ta tsaya a madadinta. Masu amfani da ita sun haɗa da wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki, da yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓoɓi, da wasu masu galahanga, da masu cutar ALS wadda ke kashe jijiyoyin motsi a hankali. Da yawansu hankalinsu garau yake, suna jin duk abin da ake faɗi a kansu, hanyar mayar da amsa ce kawai ta toshe.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne masanin kimiyya Stephen Hawking na Ingila. Ya rasa muryarsa a 1985 bayan tiyatar maƙogwaro, daga baya hannunsa ma ya daina aiki, ya koma sarrafa kwamfuta da motsin kumatu ta wata 'yar na'ura da aka maƙala a tabaransa. Kamfanin Intel ya saki manhajar da ya yi masa, mai suna ACAT, kyauta ga kowa a 2015.

Rahoton da WHO da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan taimako, kama daga tabarau da keken guragu zuwa na'urar magana, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba su samu ba.

Manyan tarukan

Wanda ya fi suna shi ne taron CSUN, wanda cibiyar nakasassu ta Jami'ar Jihar California da ke Northridge ke shiryawa tun tsakiyar shekarun 1980. Ana yin sa a watan Maris, a 'yan shekarun nan a birnin Anaheim na Amurka. Google da Microsoft da Amazon kan halarta, ga kuma ƙananan kamfanonin da ƙila kaya ɗaya tak suke ƙerawa. Shiga zauren laccoci na da tsada, amma zauren baje kolin kyauta ne ga wanda ya yi rajista.

Kafin shi akwai taron ATIA a Orlando ta jihar Florida, wajen ƙarshen Janairu. Ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera kayan ce ke shirya shi, don haka malaman makaranta da masu koyar da magana ne suka fi cika shi. A watan Oktoba kuma ana yin Closing The Gap a jihar Minnesota. A Turai akwai Rehacare a Düsseldorf ta Jamus, sai dai shi ya haɗa komai, har gadajen jinya da motoci.

Idan maganar sadarwa ce zalla, to ƙungiyar ISAAC ce uwa. An kafa ta a 1983, kuma babban taronta yana zagaya ƙasashe: Lisbon a 2014, Toronto a 2016, Gold Coast ta Ostireliya a 2018, Cancun ta Meziko a 2023. Reshenta na Birtaniya, Communication Matters, kan yi nasa taron a Jami'ar Leeds a watan Satumba. Abin da ya bambanta tarukan ISAAC shi ne masu amfani da na'urorin da kansu ke hawa mumbari su gabatar da jawabi da muryar kwamfuta, zaure ya yi tsit yana jira har mutum ya gama haɗa jimlarsa. Wannan jiran ma darasi ne, domin babban laifin da masu lafiya ke yi shi ne ƙarasa wa mutum zancensa kafin ya gama.

A Afirka akwai Inclusive Africa Conference da ƙungiyar inABLE ke shiryawa a Nairobi tun 2020, sannan Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu na da cibiyar nazarin AAC tun 1990.

Me ake gani a ciki?

Kayan da ya fi jan jama'a shi ne allon da ake sarrafawa da ido, wanda kamfanin Tobii Dynavox na Suwidin ya yi fice a kansa. Yadda yake aiki ba sihiri ba ne. Akwai ƙananan fitilu a ƙasan allon da ke haska ido da hasken da ɗan Adam ba ya gani. Hasken yana yin ɗan ƙyalli a saman ƙwayar ido, kyamara ta ɗauki hoton ƙyallin da baƙin tsakiyar ido, manhaja ta auna tazarar da ke tsakaninsu ta gano inda mutum ke kallo. Kafin a fara sai mutum ya bi wasu ɗigo-ɗigo da ido domin na'urar ta koyi idonsa. Daga nan idan ya tsayar da kallo a kan harafi na ɗan lokaci, tamkar ya danna shi ne. Hasken rana mai ƙarfi kan rikita ta, farashinta kuma dubban daloli ne, shi ya sa a Amurka da Turai inshora ko gwamnati ke saya wa yawancin mutane.

Sai manhajojin hotuna, irin Proloquo2Go na kamfanin AssistiveWare da ke Amsterdam, wadda ta fito a iPhone a 2009, da Avaz daga Indiya. Yaro zai danna hoton "ni", da "so", da "ruwa", waya ta furta jimlar. Wani abu da masana ke nanatawa a laccocin shi ne kada a cika allon da sunayen abubuwa kawai. A fara da kalmomin da ke shiga kowane zance: so, je, ba, ƙari, tsaya, taimaka, a'a. Kuma kada a riƙa sauya musu wuri, domin hannu haddace wuri yake yi, kamar yadda mai saurin rubutu ba ya duba madannai.

Wanda ko yatsa ɗaya ba ya iya nunawa, ana haɗa masa maɓalli guda. Haske zai riƙa bin layukan allon ɗaya bayan ɗaya, idan ya iso wanda yake so ya taɓa maɓallin da kai ko gwiwa.

Abin da ya riga ya iso aljihu

Mafi yawan matasa ba za su samu bizar zuwa Anaheim ba, kuma ba dole ba ne. Kamfanoni da mahalarta na ɗora bidiyon kayan a YouTube a makon taron, sannan kayan da dama sun gangaro cikin wayar hannu. A Android, cikin saitin Accessibility akwai Switch Access, wanda ke barin mutum ya sarrafa waya da murmushi, ɗaga gira ko buɗe baki ta kyamarar gaba. Manhajar Look to Speak ta Google, wadda ta fito a 2020, tana barin mutum ya zaɓi jimla da kallon hagu ko dama. Live Transcribe na mayar da magana rubutu domin kurame. A iPhone, tun daga iOS 17 akwai Live Speech, a rubuta waya ta faɗa, da Personal Voice da ke adana muryar wanda ake tsoron zai rasa ta. iOS 18 ta ƙara sarrafa waya da ido.

Matsalar ita ce harshe. An gina kusan duk kayan nan ne kan Turanci da harsunan Turai, kuma dattijuwar da ba ta taɓa jin Turanci ba ba ta da abin yi da wayar da za ta ce mata ruwa da harshen da jikokinta ma ba sa ganewa. Hausa na da wata wahala ta daban ga na'ura mai karanta rubutu, domin ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Masu gina manhaja da ke neman aikin da zai yi amfani, ga shi nan, kuma shafin Common Voice na Mozilla yana karɓar gudummawar murya da Hausa.

Kafin a samu muryar kwamfuta mai kyau akwai dabara mai sauƙi. Manhajar Cboard, wadda UNICEF ta tallafa wa, kyauta ce, tana buɗewa a burauza, kuma tana barin a sa hoto a naɗi murya a kan kowane akwati. Sai a ɗauki hoton buta, kofin shayi, tabarma da fuskokin 'yan gida, wani ɗan uwa mai murya kusa da ta mara lafiyar ya naɗi kalmomin da Hausa. A fara da akwati shida zuwa takwas, a ƙara a hankali, sannan a buga irin allon a takarda a liƙe shi da leda a ajiye kusa da gado saboda ranar da caji ya ƙare.