Yadda Ake Sa Lungunan Pantami a Taswirar Waya

A Pantami, kamar sauran unguwannin Gombe, da kwatance ake gane gida. Sai ka ji an ce wa baƙo ya wuce filin wasa, ya shiga layin mai shayi, ya yi kwana a wajen taransifoma, in ya rasa ya tambayi yara. Ga ɗan unguwa wannan ya wadatar. Amma mai Keke Napep da ya ɗauko kaya daga Tudun Wada, ko direban motar asibiti da tsakar dare, ko ma'aikaciyar rigakafi da aka turo daga wata ƙaramar hukuma, sukan buɗe taswirar waya su ga manyan tituna sarai, lunguna kuwa wasu babu suna, wasu ma babu su sam. Gyaran wannan ba sai an jira gwamnati ko kamfani ba. Matasa uku ko huɗu masu wayar Android da kwamfuta guda sun isa.

Da farko a san inda za a zuba aikin. Google Maps mallakar kamfani ce: ka ba da bayani, su duba, su karɓa ko su ƙi. OpenStreetMap kuwa, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, ta kowa ce. Kowa na iya gyarawa, kowa na iya ɗauka ya yi amfani da ita muddin ya ambaci inda ya samo. A kanta ne 'yan aikin sa kai suka zana titunan babban birnin Haiti cikin 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, masu ceto suka yi aiki da abin da aka zana. Ni a wurina nan ya kamata aikin unguwa ya zauna, domin abin da kuka sa ba ya zama dukiyar wani shi kaɗai.

Kafin kowa ya fita da waya, a je wajen mai unguwa. Samari na yawo lungu-lungu suna tsayawa ƙofar gidaje suna latse-latse abu ne da zai tayar da hankalin mutane, kuma da gaskiyarsu. A gaishe shi, a yi masa bayani, a roƙi ya haɗa ku da dattijo ɗaya ko biyu. Amfanin dattijon ya wuce neman izini, domin a bakinsa sunayen suke. Layi ɗaya kan samu suna biyu, wanda hukuma ta rubuta a allo da wanda jama'a ke kira, kuma da na biyun ake kwatance. OpenStreetMap tana da gurbin suna na hukuma, da gurbin sunan da aka fi sani a unguwa, har da gurbin suna da Hausa. Kada a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya.

Sai fita. A sauke manhajar OsmAnd, a sauke taswirar yankin tun daga gida, a kunna GPS. Wayar na jin saƙon taurarin ɗan'adam ne kai tsaye, tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta san inda take, don haka ko data ta ƙare aikin ba ya tsayawa. A fili kuskurenta bai cika wuce mita 5 ko makamancin haka ba, amma a ƙarƙashin rumfar kwano ko a matse tsakanin katangu sai ɗigon ya dinga tsalle har ya faɗa gidan maƙwabci. Ka fito tsakiyar layi, ka tsaya kamar minti guda ya natsu, sannan ka ajiye alama. A kunna ɗaukar sawun tafiya, a bi kowane lungu da ƙafa daga bakinsa har inda ya ɓulle ko ya toshe. Da hantsi ya fi, kafin rana ta hana ganin fuskar waya. Mutum ɗaya ya riƙe waya, ɗaya littafi da biro.

Abin da za a rubuta shi ne abin da mutane ke nema ko suke kwatance da shi: masallaci, Islamiyya, kemis, rijiyar burtsatse, injin markaɗe, mai POS, taransifoma. Ga kowane layi a rubuta ko kwalta ne ko ƙasa, ko mota na shiga ko sai mashin. Wannan a Gombe ba ƙaramin abu ba ne, garin da zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwanninsa. Inda kwari ya yanke hanya a nuna ya yanke, inda akwai kwalbati ko gada a sa. Taswirar da ta tura mota bakin rami da dare gara babu ita. Gidajen mutane kuwa a zana siffarsu kawai. Sunan maigida, lambar wayarsa, ko yawan iyalinsa ba su da gurbi a nan.

An dawo gida, sai kwamfuta. A buɗe asusu kyauta a shafin OpenStreetMap, a nemo Gombe, a matso kan Pantami, a latsa maɓallin gyara. Hoton unguwar daga sama zai bayyana, da kayan zane iri uku: ɗigo don shago ko rijiya, layi don hanya ko magudanar ruwa, fili don gini ko makaranta mai katanga. A ɗora sawun tafiyar da aka ɗauko a kan hoton. Hoton kan kauce da 'yan mitoci, wani lokaci kuma tsoho ne, ginin bara bai fito ba. Idan ya saɓa da abin da idonka ya gani, bi idonka.

Kuskuren da ya fi yi wa sabon hannu illa shi ne barin lungu bai manne da titin da ya fito daga cikinsa ba. A ido sai ka ga kamar sun haɗu, amma manhajar da ke nuna hanya za ta ɗauka babu mashiga, ta zagaya da direba ta wata unguwa. Sai ka ja ƙarshen layin har ya kama jikin titin. Na biyu, kada a kwafo komai daga Google Maps. Ƙa'idar lasisi ta hana, kuma in aka gano share aikin za a yi. In an gama a adana, a rubuta gajeren bayanin abin da aka yi. Cikin mintuna zai fito a shafin, manhajojin waya kuwa sai sun sabunta taswirarsu, yawanci bayan 'yan makonni.

Mai shago da ke son masu saye su same shi ya ƙara da Google Maps, tunda ita ce a wayar mafi yawan mutane. Ya tsaya ƙofar shagon, ya danne yatsa a wurin, ya zaɓi ƙara wurin da babu, ya sa suna da sana'a da lokacin buɗewa, ya jira su tantance. A nan kuma zai ga Plus Code, 'yan haruffa da lambobi da ke nuna wuri mai faɗin kusan mita 14, wanda zai iya rubutawa a allon shago ko ya tura ta WhatsApp.

Makaranta ko ƙungiyar unguwa da ke son taswirar a shafinta na intanet tana iya amfani da manhajar uMap, ba sai an iya rubutun manhaja ba. Wanda ya taɓa JavaScript kuwa, manhajar Leaflet da aka fitar a 2011 kyauta ce, layukan rubutu kaɗan sun isa su nuna Pantami da alamun da aka zaɓa.

A kiyaye abu ɗaya: zana gida a taswira ba shaidar mallaka ba ce. Maganar fili da takardarsa tana hannun hukumar GOGIS ta Jihar Gombe, kada wani ya ruɗi kansa ko ya ruɗi wani da ita.

Ku fara da layinku kawai, ku gama shi tsaf kafin ku tsallaka na gaba. In damina ta wuce ku sake zagayawa, ku gyara duk inda ruwa ya canja hanya.