Sabon Ma'aikaci, Kada Ka Yi Gaggawar Shiga Ɓangare

Ranar da ka kama aikin gwamnati, a mataki na 08 kamar yadda ake ɗaukar mai digiri, za a nuna maka jerin shugabanni: babban sakatare, daraktoci, mataimakansu. Wannan tsarin takarda ne. Wani ikon yana hannun ma'aikacin rajista mai riƙe da fayil. In ya ga dama, takardar ƙarin girmanka ta yi wata uku a ƙasan tuli, in ka tambaya ya ce maka ana dubawa. Gaishe shi kullum, ka tambayi iyali.

Cikin makon farko wani zai ja ka wajen mai shayi, ya fara sukar darakta. Ka saurara, ka sha shayinka, kada ka tofa komai. In ka tofa, gobe maganarka ce za ta isa ofishin oga, an ƙara mata gishiri, shi kuwa mai jan naka ya zame.

In kun saɓa da shugabanka, same shi shi kaɗai, ba a tsakiyar taro ba. Babba ba ya manta wanda ya kunyata shi gaban yaransa. Duk umarnin da ya shafi kuɗi kuma, cikin ladabi ka roƙi a ba ka shi a rubuce, da sa hannu da kwanan wata.