Darasin Kimiyya: Daskararriyar Raɓa da Shimfiɗar Ciyawa a Lambu

Darasinmu na yau ya shafi lambunan ƙasashen sanyi, irin su Ingila, Jamus da Kanada, inda raɓa kan daskare ta kashe yabanya a dare ɗaya. Za mu ga yadda hakan ke faruwa, da yadda ake kare shuka, da lokacin da ya dace a shimfiɗa ciyawa.

Yadda raɓa ke daskarewa

Da rana ƙasa tana shan zafi, da dare kuma tana sakinsa sama. Idan akwai gajimare, yakan mayar da wani ɓangare na zafin ƙasa. Idan kuwa sama ta yi tangaran, iska kuma ta kwanta, zafin sai ya tsere, ganye ya yi ta hucewa har ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyos, inda ruwa ke zama ƙanƙara. Sanyin ya fi tsanani gab da fitowar rana. Ku lura da abu biyu. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka takan gangara ta taru a kwari. Sannan masu hasashen yanayi suna auna iska ne a tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka za su iya cewa digiri 3 alhali a fuskar ƙasa an riga an kai sifili.

A cikin ganye, ƙanƙarar tana fara haɗuwa a tsakanin ƙwayoyin halitta, ta zuƙe musu ruwa, ta lalata fatarsu. Da safe za ka ga ganyen tumatir ya yi laƙwas, ya jiƙe kamar an tafasa shi, kafin yamma ya yi baƙi. Tumatir, tattasai, kabewa, wake da ganyen dankalin Turawa ba su da juriya ko kaɗan. Kabeji, albasa, tafarnuwa da karas suna iya tsallakewa. Shi ya sa a Jamus masu lambu da yawa ba sa fitar da dashen tumatir sai bayan 15 ga Mayu. A Afrilun 2021 irin wannan sanyi ya yi wa gonakin inabin Faransa mummunar ɓarna, har manoma suka kwana suna kunna wuta a tsakanin layuka.

Hanyoyin kariya

Ana ba fangali ruwa da rana, domin ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafi. Kafin faɗuwar rana a lulluɓe shukar da tsohon zane ko buhu, bakinsa ya sauka har ƙasa, a danne da duwatsu. Zanen ba ya kawo zafi, tare wanda ke tasowa daga ƙasa yake yi. Leda kuwa, in ta taɓa ganye, nan wurin zai ƙone, sai an ɗaga ta da sanduna. Da hantsi a yaye komai.

Ina matsayin ciyawa?

Nan nake so ku natsu, domin nan mutane da yawa ke kuskure. A waɗancan ƙasashe gidaje suna da filin ciyawa da ake askewa da inji, kuma abin da aka aske ba shara ba ne. Idan aka shimfiɗa shi a gindin shuka yana rage bushewar ƙasa, yana hana haki tsirowa, in ya ruɓe kuma ya ba ƙasa sinadarin naitirojin. Masu noman rani a ƙasar Hausa sun san wannan, tunda suna rufe wurin renon iri da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe.

To amma ciyawa bargo ce da aka rufa wa ƙasa, ganye kuwa yana waje. Tana hana zafin rana shiga ƙasa sosai, da dare kuma ta hana ɗan zafin da ke ciki ya taso ya ɗumama ganye. Saboda haka a daren da sama ta washe, tumatirin da ke kan shimfiɗar ciyawa ya fi na kan tsirarar ƙasa mai laima shiga hatsari. Saiwa ta tsira, kai ya ƙone. A ganina gaggawar shimfiɗa ciyawa asara ce. A bari lokacin sanyi ya wuce, ƙasa ta yi ɗumi tukuna.

In lokacin ya yi, a shanya ciyawar ta sha iska, tunda ɗanyarta kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Kaurin shimfiɗar kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In aka tula ta, sai ta manne, ta yi yauƙi, ta yi wari, ta hana iska da ruwa ratsawa. A bar tazara tsakaninta da karan shuka don kada ya ruɓe. Ciyawar da aka fesa wa maganin kashe haki kada ta shiga lambu, domin wasu magungunan sukan daɗe ba su gushe ba, su nannaɗe ganyen tumatir da wake.

Aikin gida

Ku cika tukwane biyu da ƙasa iri ɗaya, ku zuba musu ruwa daidai, ku rufe ɗaya da busasshiyar ciyawa. Ku ajiye su a rana, ku auna zafin ƙasarsu da azahar da kuma asuba har kwana uku, ku rubuta abin da kuka samu ku zo da shi aji.