Dashen Ƙwayoyin Tushe a Ƙwaƙwalwar Dabbobi Masu Farfaɗiya: Darasi ga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna zaune a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, har yau akwai masu danganta ciwon da iskoki, ko su guji yawun mai shi don tsoron ɗauka. Wannan maƙala ta duba gwajin da masana ke yi a kan dabbobi, da abin da ya bayyana game da asalin ciwon.

Yadda Gwajin Yake

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki. Wasu suna zuga saƙon, wasu kuma suna taka masa birki da sinadarin GABA. Idan masu birkin suka mutu ko suka raunana, sai saƙon ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa, mutum ya faɗi yana karkarwa. Su kuwa ƙwayoyin tushe, ƙwayoyi ne da ba su gama nuna ba, waɗanda ke iya rikiɗa su zama wani nau'i. Manufar dashen ita ce cike gurbin masu birkin da suka salwanta.

A shekarar 2013, Robert Hunt da Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka dasa irin waɗannan ƙwayoyi, da aka ɗebo daga tayin ɓera, a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye masu farfaɗiya. Ƙwayoyin suka bazu, suka haɗu da na asali, faɗuwar ta ragu ƙwarai. A watan Oktoba 2020 aka yi wa wani zakin teku mai suna Cronutt irin wannan dashe da ƙwayoyin tayin alade, ya kuma sami sauƙi. Sai dai dabba ɗaya ba ta isa hujja ba. A 2022 aka fara gwaji a kan mutane ƙalilan a Amurka.

Kammalawa

Darasi na farko shi ne, ciwon da ke lafawa idan aka gyara ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, a ƙwaƙwalwa yake, kuma ba a ɗaukarsa ta yawu. Daura tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma sanƙarau da maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa da doguwar naƙuda da buguwar kai duk suna iya haddasa shi. Na biyu, dashen bai zama magani ba tukuna, don haka duk mai tallar sa a yau abin tuhuma ne. Na uku, hukumar ta nuna cewa har kashi 70 cikin 100 na majinyata za su iya daina faɗuwa da magungunan da ake da su, irin su fenobabital. Saboda haka, abin da yaron da aka cire daga makaranta a Mai'adua ko Zango yake bukata shi ne likita, da maganin da ba ya yankewa, da 'yan ajin da ba za su guje shi ba.