Idan annoba ta shigo Mubi, wa ya san da zamanmu?



'Yan'uwa, damina ta ƙarato, kuma duk wanda ya ɗan daɗe a garin nan ya san abin da ruwan farko kan zo da shi. Shi ya sa Malam Liman da dattawan kwamiti suka ce darasin wannan Juma'a ya zama a kan annoba: idan ta shigo gari, wane ne ke da alhakin tashi tsaye, me ƙaramar hukuma za ta iya yi, kuma ina matsayinmu mu baƙi a ciki. Akasarinmu daga Kano da Katsina da Sakkwato muka zo, wasu daga Maraɗi da Damagaram. A cikinmu akwai mai shago, akwai ɗan ga-ruwa, da mai shayi, da mai lodin shanu, da ɗan ci-rani wanda wata huɗu kawai yake yi ya koma gona. Annoba kuwa ba ta tambayar garin da aka haife ka.

Sau biyu muka ga abin da idonmu a 'yan shekarun nan. Na farko a watan Mayun 2018. Ba mu gama jimamin bam ɗin da ya tashi a masallaci da kasuwa ranar 1 ga watan ba, sai ga amai da gudawa ya ɓulla a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ana shirin shiga azumi. Cikin 'yan makonni waɗanda suka kamu suka haura dubu. Aka buɗe wurin jinyar masu kwalara a Babban Asibitin Mubi, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka shigo suka kama wa gwamnatin jiha. Waɗanda suke nan a lokacin za su tuna ma'aikata suna bi gida-gida suna tambayar ko akwai mai gudawa, wasu kuma suna zaune a bakin rijiyoyi da wuraren ɗiban ruwa suna zuba sinadarin kulorin a jarka. Daga baya aka zo da rigakafin da ake ɗigawa a baki.

To, a nan akwai abin lura. Waɗanda suka zo daga Yola da Abuja da ƙasashen waje sun zo da magani da kuɗi da ilimi, amma ba su san lungu ba. Wanda ya san cewa ga rijiyar da ke kusa da masai a bayan gidan wane, ko ga inda 'yan kura suke ɗiban ruwa da asuba kusa da kogin Yadzaram, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, da duba-gari, da jauro ko mai unguwa. Ba tare da su ba, da motocin nan sun yi ta zagaya kwalta ne kawai.

Bari mu fayyace tsarin kaɗan, don yawancinmu idan an ce gwamnati, dunƙule ta muke yi wuri ɗaya. A sama akwai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999. A jiha akwai ADSEMA a Yola. A ƙasa kuma tsarin ya ce kowace ƙaramar hukuma, cikin 774 da ake da su a Nijeriya, 21 a Adamawa, ta kasance da nata kwamitin agajin gaggawa, wanda zai haɗa shugabannin ƙaramar hukuma da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da masu sarauta da shugabannin addini. A wurare da yawa a ƙasar nan kwamitin yana kan takarda ne, sai abu ya faru a fara neman 'yan kwamiti a waya. Amma dai tsarin ke nan. Ta ɓangaren cuta kuma akwai NCDC a Abuja, wadda Shugaba Buhari ya sa hannu a dokarta a watan Nuwamban 2018, kuma tana da lambar kira kyauta, 6232. Idonta a ƙasa shi ne wani jami'i da ke kowace ƙaramar hukuma, aikinsa sa ido a kan cututtuka da kai rahoto, ma'aikatan asibiti suna ce masa DSNO. Idan ƙaramin asibitin unguwa ya ga mai gudawa irin ta ruwan shinkafa, shi ake fara kira. Shi zai zo ya duba, a ɗauki samfur, ya sanar da jiha, jiha ta sanar da Abuja. Idan mara lafiya bai je asibiti ba, wannan sarƙa gaba ɗaya ba ta motsa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar lafiya. Ku sake karanta jerin nan a hankali. Ai duk hanyoyin da annoba take bi ne. Kuma mu ne muke wuni a waɗannan wurare, daga kasuwar shanu zuwa tasha. Wato dai rasit ɗin da muke yanka kullum a kasuwa ba kyauta ba ne, yana da haƙƙi a bayansa, kuma ba rashin kunya ba ne shugabannin 'yan kasuwa su tambaya cikin ladabi a gyara masai ko a kwashe bola kafin ruwa ya sauka. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, wannan mun sani. Amma ko babu komai ya nuna ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Na biyu shi ne korona. An fara samun ta a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Maris. Kwamitin shugaban ƙasa da aka ɗora wa yaƙi da ita, Boss Mustapha ne ya shugabance shi, ɗan Hong, nan kusa da mu. A ƙarshen Maris gwamnatin Adamawa ta sa dokar kulle ta mako biyu. Sai ranar 22 ga Afrilu Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sanar da mutum na farko da ya kamu a jihar, kuma mutum ne da ya dawo Mubi daga Kano. Aka sake kulle, daidai da kamawar watan azumi. Wannan masallaci namu muka sa masa kwaɗo. Babu Juma'a, babu tafsiri, babu asham, sai a cikin watan Mayu aka sassauta. Iyakar Kamaru ta Sahuda a rufe, hanyar jiha zuwa jiha a rufe. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka zo ci-rani suka maƙale, ba aiki ba hanyar gida.

Wallahi kwanakin nan sun yi mana nauyi ta fuska biyu. Ta farko, kallon da aka riƙa yi wa duk wanda aka san ɗan Kano ne. Lokacin ne ake ta jin labarin yawan mace-mace a Kano, wanda daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kuma ana zaton rabi ko fiye korona ce sanadi. Mutum ya yi tari a layin famfo sai a dare. Sakamakon haka sai namu suka koma ɓoye ciwo. Akwai ɗan'uwanmu da ya kwana biyar da zazzaɓi a ɗaki ɗaya da mutum shida, kowa ya sani, babu wanda ya faɗa, don tsoron kada a zo da mota a kwashe su a ce baƙi ne suka kawo cuta. Allah ya ba shi lafiya, alhamdu lillahi. Amma da abin ya zo da ƙarar kwana, da mu bakwai za mu yi wa salla, ba ɗaya ba. Kun ga sarƙar da muka ambata ɗazu, a ɗakin nan ta tsinke. Jami'in da ke jiran rahoto yana ofis, mu kuma mun rufe ƙofa.

Ta biyu ita ce tallafi. Da aka zo rabon kayan abinci, ta mazaɓa da unguwa aka bi, da jerin sunayen magidanta. Masu rubuta suna sun rubuta waɗanda suka sani. Mai shayin da yake kwana a rumfarsa, da yaran da suke haya su takwas a shago ɗaya, ba su cikin lissafin kowa. Da yawanmu ko ƙwayar shinkafa ba mu gani ba, sai abin da masu hali a cikinmu suka haɗa aka raba a ƙofar masallaci. An yi ta ƙorafi, kuma wani ƙorafin gaskiya ne, don kowa ya ga abin da ya faru a watan Oktoban wannan shekara da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Yola da wasu jihohi aka tarar da kaya jibge. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma da namu sakacin. Da wani ya zo a lokacin ya ce, ku mutum nawa ne, kawo sunaye, wallahi ba mu da takardar da za mu miƙa. Akwai wanda ya shekara goma sha biyar a Mubi bai taɓa zuwa gaida mai unguwarsa ba. Alhali a garuruwanmu na asali, baƙo bai isa ya kwana uku ba a kai shi gaban mai unguwa ba. Mun san wannan al'ada sarai, a nan ne muka yi watsi da ita.

Akwai masu cewa duk wannan shiri rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Malamanmu sun sha amsa wannan, ba sai mun tsawaita ba. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanya ya ji labari. Ya tsaya ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa Madina, kuma Abdurrahman ɗan Aufu ya tabbatar masa cewa umarnin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne kada a shiga garin da ake annoba, wanda yake ciki kuma kada ya fita don gudu. Bayan rasuwar Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal a cikin annobar, Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Shugaba ne ya ba da umarni, jama'a suka bi. Kuma wannan magana ta kada a fita ta shafe mu kai tsaye, don ɗabi'armu ce da an ji ciwo a ce a sa shi a mota a kai shi gida. Mai kwalara ba zai kai Gombe ba ma ruwan jikinsa ya ƙare, balle Katsina, ga kuma waɗanda zai shafa wa a mota da waɗanda zai tarar a gida.

Korona dai an cire ta daga matakin gaggawa na duniya tun 5 ga Mayun 2023. Amma kwalara tana nan tana zagayowa, mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, sanƙarau kuma duk bazara sai an ji shi wani wuri. Ita kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Idan aka ga gudawa mai ruwa-ruwa ba ƙaƙƙautawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na leda, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yana sha ana tafiya asibiti mafi kusa, ba kyamis ba, ba kuma jiran gari ya waye ba. 'Yan'uwanmu 'yan ga-ruwa, ku ne kuka fi kowa muhimmanci a wannan babi, don jarkarku tana shiga gidan da ma'aikacin lafiya bai taɓa shiga ba. Ku wanke jarka, ku guji ɗiba a inda ruwan kwata yake gangarawa, in an zo zuba magani a ruwa kada ku gudu da kura. Bayan an zuba a jira rabin awa kafin a sha. Ɗan warin da ake ji ba guba ba ne.

Ga abin da kwamiti ya yanke a zamansa na makon jiya. Daga yau za mu buɗe littafin rajista na jama'ar wannan masallaci: suna, sana'a, unguwar da mutum yake kwana, yawan iyali ko abokan ɗaki, da lambar wani nasa a gida. Mun san akwai masu fargaba, musamman waɗanda takardunsu ba su cika ba. Littafin yana hannun Malam Liman, ba za mu tambayi kowa katin ɗan ƙasa ba, kuma abin da za mu kai wa masu unguwa da ofishin lafiya shi ne adadi da unguwanni, sai in mutum ya yarda a ba da sunansa. Bayan haka dattawa uku za su je gaisuwa wurin masu unguwannin da muke zaune, su kuma nemi a sa mutum ɗaya daga cikinmu a kwamitin ci gaban mazaɓa da ke aiki da ƙaramin asibiti, don in ana shirin rigakafi ko rabon wani abu mu ji da wuri. Muna kuma neman matasa biyu masu waya, ɗaya daga ɓangaren kasuwa ɗaya daga ɓangaren tasha, waɗanda za a riƙa kira ko da tsakar dare ne idan wani ya kwanta.

Za mu zauna da littafin a baranda ta gabas bayan an idar da salla har zuwa la'asar, haka kuma Juma'a mai zuwa. Wanda ya san abokin ɗakinsa bai zo masallaci yau ba, ya rubuta shi. Masu mata a gida kada a manta da su da yara.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti.