Farin bakin jinjiri

A ƙauyukan Buza, uwa takan ga wani farin abu bisa harshen jinjirinta, kamar gutsattsarin kindirmo. Sai ta ce ragowar nono ne. Amma ragowar nono, in an shafa da tsumma, fita yake. Wannan kuwa maƙalewa yake, in an kankare shi da ƙarfi wurin ya yi ja, har jini ya tsattsafo. Yaro ya kama mama ya saki, yana kuka, don bakinsa na zafi.

Abin da ke kawo shi wata ƴar halitta ce da ido ba ya gani. Sunanta kandida. Dangin funfuna ce, ƴar'uwar yis ɗin da mai burodi ke sa wa kwaɓi ya tashi. Ba baƙuwa ba ce. Tana zaune cikin baki da hanji da bisa fatar mutane da yawa, lafiyarsu lau. Wasu ƙwayoyi masu amfani ne ke zaune tare da ita, suna cinye mata abinci, suna hana ta wuri. Ranar da suka ragu, sai ta yaɗu kamar ƙaiƙayi a gonar da ba a nome ba.

Me ke rage su? Sau da yawa kafso ne. Ranar kasuwa, a Buza ko Madawa ko Keita, mai talla yana ɗauke da faranti cike da magani, rana na dukansa. Yaro ya yi zawo, a sayo kafso biyu, a fasa cikin ruwa a ɗura masa. Kafso ba ya rarrabe mugu da nagari: yana kashe masu gadin, ya bar kandida, domin ita ba ya cin ta. Tamowa ma tana buɗe mata ƙofa, haka ciwon suga da sida. Nan ne abin tsoro yake. Yaron da ya rame, bakinsa ya yi fari, ba ya iya tsotso, sai ramar ta ƙaru.

Wajen manya, ta fi son inda gumi ke kwanciya, kamar hamata da matsematsi, musamman a bazara. Tana sa mata ƙaiƙayin gaba da farin ruwa.

Maganinta yana gidan likita. Wanda aka fi ba jinjiri shi ne nistatin, wanda mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a Amurka a 1950. Ana ɗiga shi cikin baki sau huɗu a yini, bayan shan mama, har kwanakin da likita ya faɗa su cika, ko da farin ya ɓace. Likita yana duba kan nonon uwa, don su biyun suna iya mayar wa juna cutar. Ba a daina ba da mama. Ana kuma auna dantsen yaron, a gani ko tamowa ce ke ƙarƙashi.

Tambayoyi

1. Yaya ake rarrabe farin kandida da ragowar nono?
2. Don me kafso ba ya warkar da farin baki?