Kalma Mai Harshen Damo: Tsokaci a Kan Fassarar "Hotsifot"

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wani abu ne da ya faru a unguwarmu a Fataskum, lokacin hutun damina. Wani maƙwabcinmu mafarauci ya wayi gari ya ga wuyan karensa ya yi ja, gashin wurin ya zube, ruwa yana tsatsafowa. Ɗansa ya bincika a waya, ya samu sunan ciwon da Ingilishi, manhajar fassara kuma ta ba shi "wuri mai zafi". Tunda zafi aka ce, sai suka riƙa ɗaura wa karen jiƙaƙƙen tsumma don ya huce. Kafin kwana biyu ciwon ya kai faɗin tafin hannu. Da yaron ya nuna mini sunan, sai na ga ai kalmar da muke faɗa kullum ce: "Kunna mini hotsifot."

A Ingilishi kalmar harɗaɗɗiya ce. Ɓangaren farko yana nufin zafi, na biyu kuwa yana iya nufin wuri, yana kuma iya nufin tabo. Daga nan ma'anar ta rabu biyu.

A fannin sadarwa, hotsifot wuri ne da mutum zai jona wayarsa ko kwamfutarsa da intanet ba tare da igiya ba, ta hanyar Wi-Fi, sunan da aka raɗa wa wannan fasaha a 1999. Wata 'yar na'ura ce take karɓar intanet daga kamfani, ta watsa shi ta iska zuwa tazarar mita 'yan gomomi, kamar yadda ake samu a otal, filin jirgin sama da ɗakunan karatu na jami'o'i. Wayar hannu ma tana yin wannan aiki, kuma a wurinmu shi aka fi sani. Sai dai wanda aka buɗe wa kowa ba lambar sirri yana da haɗari, domin ɓarawo yakan kafa nasa ya sa masa sunan otal ko makaranta, ya tsinci bayanan waɗanda suka shiga. Ɗan kasuwar da ya sayar da shanu a kara, yana son duba asusunsa na banki, gara ya yi amfani da datarsa.

A wurin likitocin dabbobi kuwa, ciwon fata ne da ya fi kama karnuka, wani lokaci da kyanwa. Ƙuma ko kaska ko ciwon kunne ne suke sa ƙaiƙayi, dabbar ta yi ta susa da lasa har fata ta saluɓe, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Cikin sa'o'i kaɗan yake faɗaɗa, kuma danshi ne abincinsa, shi ya sa tsumman maƙwabcinmu ya ƙara wa wuta fetur. Abin da ake yi shi ne a aske gashin da ke kewaye, a wanke, a bar wurin ya bushe, a hana dabbar lasa, sannan a kai ta wurin likita ya magance tushen ƙaiƙayin. Baƙin man da wasu suke shafawa cutarwa yake yi.

To, yaya za mu faɗe su da Hausa? Ni dai ban yarda da "wuri mai zafi" ba ko kaɗan. Bahaushe in ya ji an ce unguwa ta yi zafi, ko dai rana ya fahimta ko tashin hankali, mu mutanen Yobe kuwa mun san ma'ana ta biyun sosai. Aro ya fi sauƙi, amma yana da tasa matsalar. Hausa takan mayar da "p" zuwa "f", kamar a famfo da fenti, har ma da sunan garinmu. Ni da na tashi da Ngizimci a baki, sai da na shiga makaranta na lura da haka. Sannan "ts" a rubutunmu sauti ɗaya ne, irin na tsuntsu, don haka mai karatu zai furta kalmar ba yadda ake faɗarta a titi ba.

Ga ma'anar farko, ɗafa-goshin "ma-" mai samar da sunan wuri yana iya taimakawa, kamar makaranta da mahauta. Na so "mashayar intanet", don hoton garke a bakin ruwa ya dace da ɗalibai sun yi cincirindo a gindin na'ura, amma wani abokina ya tuna mini cewa mashaya tana da wata ma'anar da malamai ba za su so ba. Saboda haka nake ba da shawarar "majonar intanet".

Ta biyun ta fi wuya, domin sunayen da muke da su duk suna da masu su. Ƙazuwa daban, makero daban, kirci kuwa na shanu ne, kowane dillali a kara ya san shi. Gyambo ya fi kusa, sai dai shi tsohon ciwo ne, wannan kuwa na dare ɗaya ne. Na tsaya a kan "ɗanyen mikin susa", tunda ya faɗi sanadin, ya kuma nuna cewa bushewa yake bukata. Wanda yake da wadda ta fi wannan, ya aiko wa mujalla a fitowa ta gaba.